Motar Gado Tana Cinye Mini Jari, Na Kasa Gaya Wa Yayana

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Tudun Wada ta jihar Kano. Bayan rasuwar mahaifinmu, ni na lallashi Yayana da Innarmu da ƙannena mata biyu kada a raba kuɗin da ya bari, a sayi mota in riƙa jigilar masara zuwa Dawanau muna raba riba. Na sayi Ford F-150 ƙirar 2006 mai ƙofa huɗu, injin V8 na lita 5.4, a kan naira miliyan bakwai. Wata takwas ke nan, na kashe mata sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, rabi bashi ne, kuma a gida babu wanda ya sani. Da safe in na tayar da ita sai ta yi ƙarar ƙarafa na ɗan lokaci, in ta yi zafi kuma tana silo sai ta riƙa ƙwanƙwasa kamar mai shan gas. An je canja filogi, biyu suka karye a ciki. Tana mutuwa a hanya ta ƙi tashi, an canja famfon mai bai hana ba. Sifirin ɗin baya ma ya karye. Buhu goma sha huɗu nake ɗora mata, zuwa da dawowa tana shan kusan lita 50. Bakanikena ya ce a sauke inji a sa Beljiyam. Wani abokina ya ce in ba shi ita da ciko ya ba ni Toyota Tundra ƙirar 2003. Gwaggona kuwa da ta ga kullum motar tana gareji cewa ta yi baki ne. Duk sanda Yaya ya tambaye ni sai in ce kasuwa ce ba ta buɗe ba. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya haɗa kanku, Ya fitar da kai daga wannan damuwa.

Ka kwantar da hankalin Gwaggo, ka ci gaba da addu'a, amma ba baki ba ne. In ka cire karyewar sifirin, duk abin da ka lissafa cuta ce da aka san wannan injin da ita tun motar tana hannun masu ita na farko a Amurka. F-150 da aka ƙera daga 2004 zuwa 2008 mai injin 5.4 Triton ta yi suna da waɗannan matsalolin, har kusan a jeren da ka kawo su. Wannan ya kamata ya ɗan sauƙaƙa maka, domin abin da aka san sunansa an san inda ake nemansa. Sai dai daga yau kada ka ƙara ba kowa ko sisi a kan motar nan har sai an yi awon da zan gaya maka, domin wata takwas ana canja maka kaya ne da ka, ba a gano komai ba.

Ƙarar nan biyu da kake ji tushensu ɗaya. A bakin kowane kamshaf na injin, wato sandar da ke buɗe bawul, akwai wani gargare da ake kira kam-feza, shi ke ɗan gusar da lokacin buɗewar bawul gaba ko baya, kuma da fireshan baƙin mai yake aiki. Sarƙar taimin guda biyu ce, doguwa kowacce, kuma tenshinan da ke ɗame ta shi ma da fireshan mai yake aiki. Jikin tenshinan roba ne, da wani siririn gasket a bayansa. In gasket ɗin ya fashe, mai sai ya riƙa zurarewa ta nan, cikin dare tenshina ya saki, da safe ka tayar da mota sarƙa ta yi ta dukan robar da take bi a kai har mai ya hau. Ƙarar safiyarka ke nan. In inji ya yi zafi kuma mai ya tsinke, firesha ya ragu a silo, feza ya rasa abin da zai riƙe shi sai ya hau kaɗawa, ka ji kamar injin gas. Abin tsoron yana gaba: sarƙar in ta ci gaba da duka, robar tana farfashewa, ɓarɓashinta ya gangara kaskon mai na ƙasan inji ya toshe ragar da famfo ke zuƙo mai ta ciki. Daga nan saman inji ya fara ƙishirwar mai, kamshaf ya ci mazauninsa, kuma mazaunin nan jikin tof-silinda ne na alminiyam, ba a canja shi shi kaɗai.

Ban ga motarka ba, amma ina da tabbacin baƙin mai mai kauri ake zuba mata, 20W-50, domin shi yawancin garejinmu ke zuba wa kowace mota, wai ƙasarmu da zafi. Buɗe bonet ka duba murfin wurin zuba mai, za ka ga an rubuta 5W-20. Hanyoyin da mai ke bi zuwa feza ƙanana ne ƙwarai, solinoyid ɗin da ke raba shi kuma yana da raga mai ƙananan ido da datti kaɗan ke toshewa. Mai mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, daidai lokacin da sarƙa ta fi bukatarsa. Wasu masanan injin suna sa 5W-30 in ya tsufa, iyakarsa ke nan. Yana shan kusan lita shida da rabi, kuma filtarsa ta asali Motorcraft FL-820S ce, mai bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota. Jabun mai da jabun filta sun kashe injina irin wannan fiye da tsufa.

Awon da nake nufi shi ne na fireshan mai. Kada ka yarda da allurar dashbod, ta wannan motar ba awo take yi ba, muddin akwai ɗan firesha tsakiya za ta tsaya ko da inji yana mutuwa. Ka nemi gareji mai agogon awo na hannu, a cire suwic ɗin mai da ke kusa da filta a ɗaura agogon a gurbinsa, a zuba man da ya dace, a bar inji ya yi zafi sosai, sannan a karanta a silo kana tsaye kana gani. Waɗanda suka san injin suna son ganin wajen psi 25 ko sama. In ya faɗi ƙasa da 20, ko da an sa sabon feza ƙarar za ta dawo. A rana ɗaya a sa mata kwamfuta a rubuta maka lambobin da suka fito, musamman P0012 da P0022 masu nuna taimin ya kauce, sannan a buɗe murfin saman inji a duba kamshaf ko ya yi zane, a kwance kaskon ƙasa a ga ko akwai ɓarɓashin roba ko ƙyallin ƙarfe. Wannan duka aikin yini ɗaya ne, kuɗinsa bai kai na filogin da aka karya maka ba. In bakanikenka ya ce ba shi da agogon kuma ba ya bukatarsa, to ba shi ne zai taɓa injin nan ba, komai daɗewarku.

Idan kamshaf lafiya lau yake, injin yana gyaruwa, amma gyara ɗaya ake yi masa gaba ɗaya: feza biyu, sarƙa biyu, tenshina biyu, robobin, solinoyid biyu, famfon mai, da wanke raga. A garejin Amurka aikin nan yana cin dala dubu biyu zuwa uku, mafi yawa kuɗin aiki ne. Mu a nan kuɗin aiki da sauƙi, kaya ne ke yanka mutum, domin na asali za su tasam ma dala dubu ɗaya kafin a kawo su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda dala ta koma. Ka lissafa da canjin ranar da za ka saya. A Ƙofar Ruwa ko kasuwar Ladipo ta Legas za a nuna maka saiti mai rahusa ƙwarai a kwali mai kyau. Araha ba ta ado: feza na jabu yakan fara ƙara cikin 'yan watanni, sai a sake kwance gaban inji kaf. In za ka tambayi kaya, ka ambaci Ford Expedition da Lincoln Navigator daga 2005, inji ɗaya ne da naka, wani lokaci mai shago ya fi sanin su da waɗannan sunayen.

Maganar Beljiyam kuwa, ka tuna injin da za a kawo maka sa'an naka ne, shekarunsu ɗaya, cutarsu ɗaya, kuma ba ka san wanda ya riƙe shi ba. Sai awo ya nuna naka ya mutu sannan ake wannan zancen, shi ma da sharaɗin a buɗe shi a duba kafin a biya, a kuma yi masa aikin taimin yana ƙasa. Ka ga kuɗin ya zama biyu.

Filogin da suka karye, laifin rabi na ƙira ne, rabi na hannu. Filogin wannan injin gida biyu ne, yana da dogon hanci da ke shiga wani matsattsen rami, hayaƙi ya daskare a kewayensa ya riƙe shi gam. In aka sa ƙarfi, sama ya fito hancin ya zauna. Kamfanin da kansa ya fitar da yadda ake cirewa: a sassauta kaɗan, ƙasa da rubu'in zagaye, a zuba man wanke kafireto a ramin, a jira ya jiƙa, sannan a riƙa murɗawa gaba da baya a hankali. Ko ya karye akwai ƙarfen zaro shi, Lisle 65600, ba sai an sauke tof-silinda ba. Sai a ƙirar 2008 aka sauya fasalin. Kwail kuma takwas ne, kowane filogi da nasa, in mota tana mis kwamfuta za ta nuna silindar da ke da laifi, ba dalilin sayen takwas. Ruwan wankin inji da ke kwanciya a ramin filogi shi ke yawan kashe su, ka hana masu wankin mota sa tiyo a wurin.

Mutuwar da take yi a hanya, ina zargin abin da aka canja ba shi ne mai laifi ba. Sauke safaya taya ka leƙa sama. Za ka ga wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba an ɗaure shi a jikin ƙarfen shasi, shi ke ba famfon mai wuta. Bayansa alminiyam ne an manna shi da ƙarfe, gishiri da laima suka shiga tsakani, ya rube ya tsage, ruwa ya shiga. In ka kwance shi ka ga bayan ya yi fari-fari yana marmashewa, ka gano ɓarawon. Sabonsa bai kai dala ɗari ba, yakan zo da 'yan robobin da ke ɗaga shi daga jikin ƙarfe, kuma ƙusa biyu ce da soket ɗaya.

Tunda ka shiga ƙarƙashin motar, kada ka fito sai ka duba shasi. Jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo da Niyok suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, motar da ta yi shekaru a can ƙasanta ke cinyewa alhali fentin sama yana ƙyalli. Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ke maƙale da kuma saman tankin mai. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tangaran, rubabbe kuwa sai ka ji dum, ɓawo yana zubowa. Ka bi siraran bututun birki da yatsa. In an fesa wa ƙasan baƙin fenti mai kauri, ka kankare wuri ɗaya ka ga abin da aka rufe. Lambar motar mai harafi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da ita ake binciko jihar da ta fito da ko daga gwanjon motocin haɗari aka sayo ta. Shasi in ya rube, zancen gyaran inji ya ƙare.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda babu bakaniken da zai gyara. Ko motar nan ta koma sabuwa fil, ba ta dace da sana'ar da ka saya mata ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙi, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya. A irin taka mai ƙofa huɗu yawanci tsakanin kilo 700 ne zuwa 800. Cire nauyinka da na yaron mota, abin da ya rage buhu shida ne na masara. Kai kana ɗora kilo 1,400. Shi ya karya sifirin, kuma yana nan yana cin giyabos da aksul da birki da tayoyi, giyabos ɗin ma in ya tafi kuɗinsa ba zai gaza na inji ba. Girmanta ne ya yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ba. Ba'amurke ya ƙera ta ne ta ɗauki iyali da ɗan kaya, ta ja tirela mai nauyin kusan tan huɗu a bayanta, a ƙasar da mai ke da sauƙi a aljihun ma'aikaci. Ja da ɗauka ba ɗaya ba ne.

Yi lissafin da kanka. Lita 50 a kan buhu 14, kowane buhu ya sha lita uku da rabi, kana kuma karya mota. In ka ɗora shidan da aka yarda, kowane buhu ya sha sama da lita takwas. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba, wataƙila da lissafin ya ɗan fita. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura dubu a wurare da yawa. Je ka tashar Tudun Wada ka tambayi nawa mai motar kaya Kanta ke karɓa a kan buhu ɗaya zuwa Dawanau, ka gwada da kuɗin lita takwas, ba a sa kuɗin sabis da taya da na kan hanya ba. Ina jin amsar za ta ishe ka.

Tundrar abokinka ta fi taka injin kirki, wannan gaskiya ne. V8 ɗinta na lita 4.7 shi ne a Land Cruiser da Lexus LX470 na zamaninta, don haka makanikanmu sun san shi kuma kayansa na samuwa. Amma bel ɗin taimin gare shi, ana canjawa duk mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000, ka tambaye shi yaushe aka canja. Ƙirar 2000 zuwa 2003 su ne Toyota ta yi wa kiranye a 2009 saboda tsatsar shasi, kuma bolojoyin ɗin ƙasa na ƙirar 2003, wato mahaɗin da ke riƙe tayar gaba, ma an yi masa kiranye, shi kuwa in ya cire taya ce ke kwantawa ana cikin gudu. Bayan haka ba ta fi taka ɗaukar kaya ba, shan mai kuma kusan ɗaya. Ciko za ka ƙara daga kuɗin da ba naka kai kaɗai ba, ka sake sayen motar da ba ta dace da masara ba. Ban yarda ba.

Shawarata: a yi awon, a canja ɗan akwatin nan na famfo, a gyara sifirin, a zuba man da ya dace, ka daina lodi, a sa ta a kasuwa. In awo ya yi kyau kuma 'yan'uwanka sun amince, ana iya yin aikin taimin domin ta yi daraja, amma sai an tabbatar ƙarin farashin zai rufe kuɗin kayan. Masu son irinta suna nan a Kano da Kaduna da Abuja, 'yan kwangila da masu gonaki da ke son motar zagaye, waɗanda shan mai bai dame su ba.

Amma wannan hukuncin ba naka ba ne kai kaɗai, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Ba motar ce ta hana ka barci ba, amsar da kake ba Yaya ce. Niyyarka mai kyau ce, ka so dukiyar mahaifinku ta haihu maimakon ta watse, kuma sayen motar da ba ta dace ba kuskure ne da 'yan kasuwa manya suke yi. Ɓoyewar ita ce za ta iya raba ku. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gari kuma ƙarami: bakanike ya sani, masu binka bashi sun sani, Gwaggo ta riga ta lura. Ranar da Yaya ya ji a bakin wani, ba zai ƙara tambayar feza ko filogi ba, cewa zai yi ka ci amana, kuma zai yi wuya ka wanke kanka.

A makon nan, kafin ma a yi awo, ka sayi littafi ka rubuta komai: ranar da aka saya, duk lodin da ka yi da abin da ya shigo, duk gyara da kuɗinsa, duk wanda ke binka da nawa. Ka same shi a gida bayan isha'i, ba ta waya ba, ba a gaban matarsa ba. Ka ce masa, Yaya, na zo da maganar da ya kamata in kawo tun watanni, motar ba ta kawo riba ba, na ci bashi a kanta ban shawarce ka ba, ga lissafin. Kada ka fara da laifin bakanike ko na dillali. Zai yi faɗa, ka yi shiru ka ɗauka, haƙƙinsa ne. Bashin da ka ci kai kaɗai, ka ce a cire shi daga kasonka, kada ka jira a nema. Sannan ku je wurin Inna tare, a kira ƙannenku mata a karanta musu lissafin da bakinka, domin kuɗinsu ne, ba alfarma ake yi musu ba. In a cikinsu akwai wadda ba ta balaga ba, dukiyar marainiya ce a hannunka, sai ku sa malamin da ya san rabon gado ya zauna da ku. Ranar awo ma ka roƙi Yaya ya bi ka gareji ya ga agogon da idonsa.

In aka zo sayarwa, wani zai ba ka shawarar a cika ta da mai mai kauri a tayar da ita tun kafin mai saye ya iso domin kada ya ji ƙarar safe. Kada ka yi. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma motar za ta dawo maka da rigima. Ka bar mai saye ya tayar da ita da sanyinta, ka ba shi takardar awon da lambobin kwamfuta, ka haɗa da takardun kwastan, a rubuta a yarjejeniya cewa ya ji ya gani. Za ku yi asara, wataƙila mai ɗan yawa, amma kowane wata da ta ƙara a hannunka asarar ƙaruwa take yi. Abin da ya rage a mayar wa kowa kasonsa. Wanda ya ga dama ya sake haɗa jari da kai, da yardarsa kuma a rubuce, sai ku sayi masara da kuɗin ku biya mai Kanta ya kai muku Dawanau, ku yi kaka ɗaya a haka kuna rubuta abin da kowane buhu ya ci da abin da ya kawo.